Aikin injiniyar Yamai a kan rumbun bayanan shagonmu na Tawa

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da lissafin shagon kawuna Alhaji a nan Tawa. Sari muke yi: shinkafa, sukari, man girki, madarar gari, taliya, ganyen shayi da sabulu. Muna da reshe a Ƙonni, da magaza guda a Yamai kusa da kasuwar Katako, inda kaya ke fara sauka kafin su iso mana. Abin da zan faɗa ra'ayina ne a kan aikin wata injiniya da muka biya jikka 350 ta duba mana rumbun bayanai, wato ma'ajiyar lissafinmu a kwamfuta, bayan ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Ƴan kasuwa da yawa a Adar sun bar kundi sun koma kwamfuta, kuma abin da ya same mu yana iya samun kowane ɗayansu.

Manhajar da muke ciniki da ita wani ɗan gari ne ya rubuta mana da Laravel, wani kayan aikin rubuta manhaja, bayanan kuma suna cikin wani nau'in rumbu mai suna MySQL. Duka biyun suna zaune a kwamfuta guda ƙarƙashin teburina. Ta yi mana aiki shekaru ba ƙorafi, sai dai zafin watan Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu, da yawan ɗaukewar kuran sun gajiyar da ita. Ranar da faifanta ya fara wani ƙara kamar ɓera na cin katako, muka tsorata. Wanda ya rubuta manhajar ya riga ya tafi bida ƙasar waje, sai wani saurayi ya karɓi aikin. Ya ba mu shawara mu yi hayar sabar a Turai, wato kwamfutar da ake aiki da ita daga nesa ta intanet, mu kuma bar MySQL mu koma wani nau'in rumbu mai suna PostgreSQL. Shawarar ba ta da aibu, har yau ina ganin ta yi daidai. Ba zan kama sunansa ba, yaro ne mai ƙoƙari, kuma abin da ya kuɓuce masa ya kuɓuce wa waɗanda suka fi shi daɗewa a aikin.

An yi ƙaura daren Juma'a. Da safiyar Asabar komai yana nan, ko layi ɗaya bai ɓace ba, muka yi hamdala. Kafin azahar muka gane akwai matsala. Fakitir da a da ke fita kafin mai saye ya gama ƙirga kuɗinsa, yanzu sai an jira. Shafin masu bashi yana cin fiye da daƙiƙa 40. Lissafin rufe ciniki na yamma kuwa wani lokaci ba ya fitowa sam, sai allo ya yi fari ya ce lokaci ya ƙare.

Ba na manta wata Talata, saura kwana goma azumi, lokacin da sukari da madara ke fita kamar ruwa. Wani dattijo da ke saye wurinmu tun ina yaro ya zo daga Abalak, motarsa tana waje, yaran mota sun gama lodi, rana tana dukan su. Abin da ya rage kawai in gaya masa ragowar bashinsa in ba shi takarda. Na danna sunansa, ƙaramar da'irar nan tana ta juyawa. Ya dubi allon, ya dube ni, ya gyara rawaninsa, bai ce komai ba. Shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Alhaji ya taso daga tabarmarsa ya ce, "Ɗana, bar akwatin nan, ɗauko mini kundi da biro." Da hannu muka sallami mutumin, ni kuma na kwana ina shigar da cinikin ranar ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da kowa ya ce shi ne rezo. Magana ce mai shiga hankali, don Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kama wayoyin ƙarƙashin ruwa. Muka sayi layi na biyu na wani kamfani. Babu canji. Sai saurayin ya ce sabar ce ta yi ƙarama. Alhaji ya yarda, aka ɗaga ƙwaƙwalwarta daga giga 4 zuwa giga 16, kuɗin wata ya haura ninki biyu. Shafin masu bashi ya rage ƴan daƙiƙoƙi, ya ci gaba da jan ƙafa. Mako uku muka yi a haka, muna zuba ruwa a kwando.

Wani abokina mai farmasi ne ya ba ni labarinta. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta talla, baki da baki ake saninta. Kiran farko da na yi mata bai kai minti goma ba, amma tun daga nan na ji bambanci. Ba ta tambaye ni girman sabar ba. Cewa ta yi, "Malam, shafin da kake sa sunanka da lambar sirri, shi ma yana da nauyi?" Na ce a'a, shi nan take yake buɗewa. "Jerin kaya fa?" Shi ma ba laifi. "To waɗanne ne ke tsayawa?" Na lissafa mata: masu bashi, fakitir, rufe ciniki. Ta ce, "Da rezo ne, da duk tare za su yi nauyi, don hanya ɗaya suke bi. Kada ku ƙara sayen komai sai na duba." Mako uku muna da wannan hujja a gabanmu, babu wanda ya lura da ita.

Ta ce tana iya yin aikin daga inda take, amma Alhaji ba ya ba da makullin dukiyarsa ga wanda ba a ga idonsa ba. Don haka na hau mota zuwa Yamai, wajen kilomita 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ofishinta ɗaki biyu ne a bene, ita da matasa biyu da take koya wa aiki. Akwai farin allo a bango cike da zane, da butar shayi a kan kurfoti a baranda. Mace ce da ba ta da yawan magana, ta kai shekara arba'in, in tana sauraro takan rufe kwamfutarta gaba ɗaya.

Ranar farko ba ta gyara komai ba, kuma wannan ya ɓata wa Alhaji rai. Abu biyu ta yi. Ta kwafe rumbun duka, ta zuba kwafin a wata na'ura don ta tabbatar yana tashi, ta ce kwafin da ba a taɓa gwada shi ba bai zama kwafi ba tukuna. Sannan ta kunna wani ɓangare na PostgreSQL mai suna pg_stat_statements, wanda ke rubuta kowace irin tambaya da manhaja ta yi wa rumbu, sau nawa ta yi ta, da lokacin da ta ci. Kunna shi ya buƙaci a kashe rumbun a tada shi, don haka ta jira sai bayan isha'i. Daga nan ta ce mu yi ciniki yini guda yadda muka saba. Alhaji ya kira da yamma, na sa muryar a fili. Ya ce, "Ɗiyata, an ce kin iya, ga shi yini ya wuce ba mu ga komi ba." Ta ce, "Baba, ka yi mini haƙuri zuwa gobe. Likita ba ya ba da magani sai ya auna jini." Ya yi shiru, ya ce Allah shi ba da sa'a.

Washegari ta juyo mini da allon. Tambayoyi iri-iri sun fi ɗari biyu, amma da ta jera su bisa lokacin da suka cinye, guda huɗu ne suka kwashe kusan duka. Ta ɗauki ta farko, wadda ke haɗa cinikin mutum guda da abin da ya biya, ta sa mata EXPLAIN ANALYZE a gaba. Wannan umarni yana sa rumbun ya gudanar da tambayar, ya kuma bayyana hanyar da ya bi da lokacin da kowane mataki ya ci. Ta ɗora yatsa a kan layi guda ta ce in karanta adadin. Jadawalin da ke ɗauke da kowane buhu da kowane kwali da muka taɓa sayarwa yana da layi wajen miliyan 1.4. Don a nemo layi sittin da ƴan kai na dattijon Abalak, rumbun yana karanta miliyan 1.4 ɗin nan duka, daga farko har ƙarshe, duk lokacin da na danna.

Na tambaye ta me ya sa a da ba ya haka. A nan ne na yarda na zo wurin wadda ta san aikinta, don ta yi mini bayani da abin da na sani. Ta ce in tuna fihirisar da ke ƙarshen manyan littattafan malamai: mai neman mas'ala ba ya bin littafi shafi-shafi, fihirisa yake dubawa ta kai shi wurin. Rumbun bayanai ma yana da irin wannan. Idan jadawali biyu suna da alaƙa, misali kowane layin ciniki yana ɗauke da lambar fakitir ɗinsa, kowace fakitir tana ɗauke da lambar mai saye, MySQL da kansa yake yi wa wannan gurbin fihirisa da zarar an ƙulla alaƙar. PostgreSQL ba ya yi. Yana ƙulla alaƙar, yana tsare ta, amma fihirisar gefen da ke nuni sai mutum ya ce a yi. Wanda ya fara rubuta manhajar bai taɓa rubuta umarnin ba, don bai taɓa buƙatarsa ba. Da saurayin ya bar Laravel ta sake gina jadawalai a sabon wuri sannan ya zuba bayanai, sai aka tashi da gida ba fihirisa a gurbi goma sha ɗaya. Babu wani saƙon kuskure da zai fito, don ba abin da ya lalace. Amsa tana zuwa daidai, a makare kawai.

Ta gina su a gabana, ta hanyar da PostgreSQL ke ba da dama a yi ba tare da an hana shigar da ciniki ba, yara suna ta aiki a Tawa da Ƙonni. Ta sake gudanar da tambayar. Abin da ke cin daƙiƙoƙi ya koma ƙasa da ƙiftawar ido. Na kira yaron da na bari a teburina na ce ya buɗe masu bashi. Ya ce ya ragu sosai, amma har yanzu ana ɗan jira. Ta ce ta sani, saura biyu.

Na biyun ya fi ba ni mamaki. PostgreSQL kafin ya amsa tambaya yakan zaɓi hanya, kuma yana zaɓe ne bisa ƙiyasin da yake riƙe da shi: jadawalin nan layi nawa ne, wane irin abu ne ya fi yawa a ciki. Akwai wani ma'aikaci na ciki, autovacuum, da ke share matattun layuka yana kuma sabunta wannan ƙiyasi lokaci-lokaci. Saurayin ya dakatar da shi a kan manyan jadawalai don zuba bayanai ya yi sauri, dabara ce da masu aikin ke yi, sai ya manta bai maido shi ba. Ta nuna mini wurin da ake rubuta ranar da aka yi ƙiyasin ƙarshe, babu komai a ciki. Wato rumbun yana yanke hukunci a makance, kamar mai rabon kaya da bai san ko buhu goma ne a sito ko dubu goma ba. Ta buga kalma ɗaya, ANALYZE, ta jira ƙasa da minti biyu, ta maido da ma'aikacin bakin aikinsa. Lissafin rufe ciniki da ke mutuwa a hanya ya fito cikin daƙiƙa huɗu. Na ce mata, kalma ɗaya ke nan? Ta ce i, kuma takardun PostgreSQL kansu sun ce a yi ta bayan duk wata babbar zuba bayanai.

Na ukun shi ne fakitir, kuma shi ya fi cin lokaci. Tambayoyinta ba su da nauyi ko ɗaya, yawansu ne matsalar. Ta ƙirga: fakitir babba guda tana sa manhaja ta tambayi rumbu sau 640. Ga kowane layi sai ta je ta tambayo sunan kaya, ta dawo, ta koma ta tambayo farashi, ta dawo, ta koma ta tambayo ragowar da ke sito. Lokacin da manhaja da rumbu ke kwamfuta guda ƙarƙashin teburina, wannan kai-komo ba ya cin komai. Amma saurayin, don neman araha, ya ajiye manhajar a Faris, rumbun kuma a Frankfurt ta Jamus. Ta auna zuwa da dawowa tsakaninsu, milisakan 11, wato kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa. Ta miƙo mini alli ta ce in buga da kaina. Sau 640 ya ba da daƙiƙa bakwai, duk a hanya, rumbun bai ma fara gajiya ba. Ta ce ko sabar giga ɗari ka saya, ba za ta rage nisan Faris da Frankfurt ba. Na tuna yaron shago da za ka aika sito sau ɗari yana ɗauko gwangwani ɗai-ɗai, alhali baro yana jingine a ƙofa.

Gyaran kashi biyu ne. Ta maido da rumbun gari ɗaya da manhajar, a daren Alhamis, cikin abin da bai kai awa biyu ba. Sannan ta sa aka gyara rubutun manhajar ta riƙa kwaso abin da take buƙata a tafiya ɗaya, abin da Laravel dama ta tanada. Tambaya 640 ta koma tara. Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ba ita ta yi wannan gyaran ba. Saurayin ta kira, ta haɗa shi a kan allo, ta nuna masa wuri ɗaya, ta bar shi ya yi sauran tana dubawa. Ban ji ta aibata shi ko sau ɗaya ba, ko a gabansa ko a bayansa. "Ƙanena" take ce masa. Ta ce mini shi ne zai zauna da ku, ni baƙuwa ce.

Game da giga 16 da muka saya, ta duba ta ga saitin da ake kira shared_buffers, wato rabon ƙwaƙwalwar da rumbun ke ajiye bayanan da ya karanto, yana nan a mega 128, yadda PostgreSQL ke zuwa da shi. Ta ɗaga shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwaƙwalwar, ta kuma faɗa mini gaskiya cewa wannan ba shi ne babban ciwon ba. Ta ba da shawara mu sauko giga 8. Mun sauko, ba mu ji wani bambanci ba, kuɗin wata ya ragu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wanda zai je wurinta gara ya sani. Samunta a waya wahala ne. Lokacin da take kan aikinmu tana amsawa, amma da aka gama, saƙon WhatsApp yana iya kwana biyu ba a buɗe ba. Ga ɗan kasuwa da mota ke jira a ƙofa, kwana biyu shekara ce. Ba ta da wani tsari na kira cikin gaggawa, ko da mutum zai biya. Rahoton da ta ba mu shafi shida ne da Faransanci, cike da kalmomin aiki. Ni na karanta, amma mai dukiyar ba ya karanta Faransanci, kuma ita Hausa ce a bakinta, da ita ta yi mini duk bayanin da na kawo a sama. Shafi guda da Hausa da zai ishi Alhaji ya san abin da ya saya da kuɗinsa. Na faɗa mata, ta ce ban yi ƙarya ba, amma har yau bai zo ba.

Sai maganar binciko sunan mai saye a manhaja. MySQL yadda aka saita mana shi ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, PostgreSQL kuwa yana bambantawa, kuma dabarar da saurayin ya yi don kauce wa hakan ba ta amfana da fihirisa. Mu kuma sunan mutum guda yana iya shiga iri uku, wani yaro ya rubuta shi da rubutun Faransanci, wani da na Hausa, wani ya cinye harafi. Ta ce akwai maganinsa, wani ƙari mai suna pg_trgm da ke kamo sunaye masu kama da juna, amma wannan ba ya cikin abin da muka yi yarjejeniya, sai an ƙara jikka 60. A ganina abu ne da ƙaurar ta haifar, ya kamata ya shiga ciki, ko a ƙalla a faɗa mana tun farko. Mun ja maganar, ba ta sauko ba. Ba mu biya ba tukuna, don jerin masu sayenmu bai kai girman da zai tsayar da aiki ba.

Jikka 350 kuɗi ne, kuma ta karɓi rabi kafin ta fara. Alhaji ya ce ya yi tsada ga wanda bai ɗaga ko kwali ɗaya ba. Na zauna na haɗa masa abin da muka kashe a mako ukun farko, layi na biyu da ƙarin hayar sabar, da abin da za mu ci gaba da biya duk wata da ba a sauko ba. Kafin shekara ta zagayo kuɗinta sun dawo daga ragin haya kawai. Bai ce komai ba, amma da abokinsa mai sayar da siminti a Malbaza ya yi kukan irin wannan matsala, shi da kansa ya ce mini in ba shi lambarta.

Wanda zai kira ta, ya rubuta tun kafin nan shafukan da ke nauyi da waɗanda ba sa yi, da lokacin da abin ya fi tsanani, da ranar da ya fara. Ya tabbatar makullan sabar suna hannunsa, don mu sai da muka ɓata rabin yini muna neman lambar sirrin da ke wayar saurayin kaɗai. Ya kuma zauna da ita a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa dalla-dalla, har da abin da zai biyo baya in wani abu ya taso bayan wata guda. Aikin gano ciwo ta iya shi, ban ga kamarta ba a waɗanda na yi hulɗa da su. Kulawar yau da gobe kuwa sai ka tanadi naka mutum a kusa.

Dattijon Abalak ya dawo bayan ƙaramar salla da motarsa. Na danna sunansa, bashinsa ya fito kafin ya gama zama a benci. Na buga masa fakitir mai layi saba'in da huɗu, ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba, ya tambayi Alhaji farashin sukari na mako mai zuwa.